Komawar Adda Gabukka

Yayata, wadda muke kira Adda, ta daina ji tun tana firamare. Sanƙarau ne ya kwantar da ita wata bazara, ta tashi da ranta amma kunne ya tafi. Magana ba ta bar ta ba, sai dai da ƙarfi take yi don ba ta jin muryarta, mu kuma bakinmu take kallo ta gane. A haka ta girma, ta yi aure a unguwar Gabukka, nan cikin Gombe, tana haɗa humra da turaren wuta tana sayar wa matan unguwa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Idon a hankali ya tafi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Shekarar da mijinta ya rasu, ko fitila aka kunna a gabanta ba ta sani. Da ta fita takaba, babban wanmu, Hamma, ya ɗauko ta ya kawo gidanmu na Tudun Wada, aka kulle ɗakin da ya faɗo a rabonta na gado.

Ba wanda ya wulaƙanta ta. Ana kai mata abinci a ɗora hannunta a kan kwano, a raka ta banɗaki, lokacin salla a taɓa kafaɗarta. Iyakar mu'amalar ke nan. Takan tambayi wa ya shigo, ta tsaya tana jira, mu kuma ba mu da hanyar amsa mata. Daga baya ta daina tambaya.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da wata malama mai koyar da makafi da kurame. Ta zo gidanmu ranar wata Asabar, doguwar mace 'yar Tangale, mai ƙarancin magana. Ta tambaye ni ko Adda ta iya karatun boko, na ce ta iya. Sai ta zauna a tabarma, ta buɗe tafin hannun Adda, ta soma rubutu da yatsa, manyan baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Adda ta janye hannunta. Malamar ta dakata, ta sake kamawa. Can sai Adda ta faɗi abin da aka rubuta da ƙarfi: "Sannu." Sannan ta ce, "Wace ce?"

Ranar har la'asar tambayoyi take yi. Wane wata ake ciki, goggonmu tana nan da rai, wa ya haihu, makullin ɗakinta yana hannun wa.

Malamar ta ci gaba da zuwa. Ta ba kowannenmu alamar da Adda za ta gane shi da ita kafin ya fara rubutu. Tawa zoben hannuna ce. Ta koya mata tafiya da sanda, da ɗan rubutun makafi daidai wanda za ta bambance kwalabe. Mu kuma ta hana mu yi mata abin da za ta iya yi da kanta. Wannan ya fi yi wa mahaifiyarmu, Inna, wuya, don har kuka ta yi ranar da ta ga Adda tana lalube tana wanke kayanta.

Bayan damina Hamma ya tara mu a ɗakin Inna, ya ce zai zuba 'yan haya a Gabukka kada wurin ya lalace. Ni ce ke rubuta wa Adda abin da ake faɗa. Ban kai ƙarshe ba ta rufe hannunta.

"Hamma, ɗakina nake so in koma," in ji ta.

Ya ce in gaya mata akwai wuta, akwai ɓarayi, kuma mutane za su ce mun yar da 'yar'uwarmu. Na rubuta duka. Ta ce, "A nan ajiye ni kawai aka yi. Can kuwa na san inda kowane abu yake, kuma ina da sana'a." Inna ce ta yanke, ta ce a gwada zuwa azumi.

Shirin ya ɗauki lokaci. Malamar ta sa aka ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki da zaure. Mai gyaran wuta ya haɗa wata ƙaramar fanka mai batir da maɓalli a bakin ƙofa. Baƙo ya danna, iska ta taɓa Adda, ta san an zo. A gidan akwai wata bazawara mai suyar ƙosai da suka daɗe tare, ita ma ta koyi rubutun tafin hannu. Suka raba aiki: maƙwabciyar ke tsayawa kan wuta wajen suyar turare, Adda na gefe tana shaƙa, ita ke cewa a sauke. Haɗin humra kuwa ita kaɗai take yi.

Bayan Adda ta koma ɗakinta, ni na raka ta Kasuwar Gombe sayen kaya karon farko. Tana riƙe da gwiwar hannuna muka ratsa 'yan dako har rumfar da ta saba. Mai rumfar ya gane ta, sai ya shiga miƙo mata itacen sandal da farcen turare da almiski. Ta sansana, ta zaɓa, ta sa ni in gaishe da iyalinsa.

Ana saura kaɗan azumi ruwan zafi ya zube mata a ƙafa. Hamma ya zo da mota, ya ce magana ta ƙare, a kwashe kayanta. A hanyar asibiti na rubuta mata haka.

"Da ina gani ma na sha ƙonewa," ta ce. "A wanke mini ciwon, a mai da ni gida."

Da aka gama ɗaure ƙafar, Gabukka Hamma ya nufa da mu.

Tana can har yau. Ba komai ke tafiya daidai ba. Batir kan mutu baƙo ya gaji da dannawa ya tafi, kuma idan maƙwabciyar ta je ƙauye, Adda kan yini ba wanda ya yi mata magana. Rubutun makafin bai wuce na kwalabe ba, ta ce yatsunta sun tsufa. Hamma bai canza ra'ayi ba, amma duk Juma'a daga masallaci can yake wucewa, ya zauna yana yi mata rubutu a hankali, tana gyara masa.

Zuwana na ƙarshe na tarar da dangin wata amarya sun zo sayen humra, maƙwabciyar na tsakani tana rubutu. Na taɓa ta da zobena, ta ce in jira tana da baƙi. Na zauna a bakin ƙofa har suka tafi, sannan ta tura mini bokitin kwalabe ta ce in wanke.