Garayar Kawu

Tun ranar da yayana ya kunna min kiɗan nan a waya nake ƙyamar abin. Wasu Turawa ne na ƙasashen ƙanƙara, sun ɗaura ƙaho a ka, sun shafe fuska da toka, suna kaɗa ƙasusuwa, wani ƙato yana gurnani kamar sa a mayanka. Wai gumakan kakanninsu suke kira. Wani fasinja ne ya tura masa, shi ke nan abin ya zama abincin motarsa ta haya daga Kibiya zuwa Rano. Amma ƙyamar da nake yi wa kiɗan ba ta kai wadda nake yi wa mai kunna shi ba.

Wannan yayan nawa shi ya fasa garayar Kawu, ƙanin mahaifiyarmu. Kawu makaɗin 'yan bori ne a Kahu tun kafin a haife mu. Da ƙarfinsa ya ƙare ya nemi ya dawo gidanmu, Yaya ya gindaya masa sharaɗi: ko garaya ko ɗaki. A tsakar gida Yaya ya take ƙoƙon garayar da ƙafa, ya cusa sandar a murhu. Shekaru Kawu ya yi yana zama a zaure, babban yatsansa yana motsi a kan gwiwa. Ni ban ce bori daidai ne ba, amma laifi tudu ne.

Wata safiya muka ɗauki Kawu za mu kai shi asibiti a Rano. Yana gaba, ina bayansa. Yaya ya saki abin nasa har gilashi na rawa. Na ce ya kashe, ya ce ban waye ba, fasaha ce.

Kawu ya karkata kunne. Ya ce, "Ka ji yadda mai gangar yake ja, ba ya sauri? Jira yake wani ya faɗi." Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon masu ƙahon. "Su ba a fasa musu kaya ba?"

Yaya ya yi dariya. "Haba Kawu, ai su wasa suke yi."

"To ɗan nan, in wasa ne, akwai duma a bayan ɗakina. Ka bar ni in haɗa 'yar ƙaramar garaya. Ba taro, ba kowa, ni kaɗai, kafin yatsun nan su sandare."

Ban taɓa jin Kawu ya roƙi kowa komai ba sai ranar.

"A'uzubillahi! A gidana? Me mutane za su ce?"

Yaya ya miƙa hannu ya ƙara murya. Ƙaton nan ya ci gaba da gurnani, Yaya yana gyaɗa kai. Yawu ya cika min baki, na zuge gilashi na tofar. Kawu kuwa ya ɗauke hannunsa daga gwiwa ya zauna a kansa har muka isa Rano.