Gyaɗar da Na Cinye a Bici

Ranar wata Asabar ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Ina aji biyar. Yaya Sabo ya tsayar da ni a bakin turken sanmu, ya miƙo mini ƙulli biyu, ɗaya na tsakuwa, ɗaya na gyaɗar iri da ya ɗebo a tukunyar Inna ba da saninta ba. Baba yana kwance ba lafiya wata na huɗu, rumbu ya kai ƙasa, tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Yaya ya yanke shawarar sayar da san huɗar nan, ya sayi talabijin da janareto da na'urar gem, ya buɗe shago a Makoda yara su riƙa biya suna bugawa.

Abin da ya hana shi barci shi ne na'urorin iri biyu ne, mai kaset da mai faifai, kuɗin san kuwa ɗaya kawai zai saya. Shi yana ƙwadago a gonar mutane, don haka ya ce in je Bici in zauna a gaban rumfar mai sayar da wasannin. Duk kaset ɗin da aka saya in jefa tsakuwa a aljihu, duk faifai in jefa gyaɗa, domin rigata aljihu ɗaya gare ta. Haka Baba yake ƙirga dami lokacin girbi, kuma yakan ce mana, "Mai ƙirga dami ba ya cin tumu."

Na tafi da ruwan koko kaɗai a cikina. Tun hantsi masu shagunan gem suke zuwa, yawancinsu faifai suke nema, ina ta jefa gyaɗa. Da rana ta take, yunwa ta fara murɗa ni har idona yana ganin duhu. Na ce bari in ci ƙwaya ɗaya daga cikin ƙullin. Kafin azahar ƙullin ya ƙare, na rasa abin ƙirgen faifai. Kafin la'asar hannuna ya shiga aljihu, ina lalube tsakanin tsakuwa ina tsamo abin da na riga na ƙirga.

Da yamma Yaya ya zazzage aljihun a kan tabarma. Tsakuwa ta yi tsibi, gyaɗa bakwai kacal. Ya dube ni ya ce, "Auwalu, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Bai tambayi ragowar gyaɗar ba. Ni da nake tsallake katanga in ɗauko ƙwallon tsumma ba tsoro, ranar na kasa buɗe baki in ce yunwa na ji.

Aka kai san kasuwa, Inna ta shige ɗaki don kada ta ga fitarsa. Yaya ya sayi mai kaset. Wata biyu yara suka yi suna zuwa, sannan wani ya buɗe shago da mai faifai a tsallaken titi, mai wasan ƙwallo kamar gaske, suka koma can gaba ɗaya. Sabon kaset ma ya daina zuwa. Da damina ta dawo, da garmar hannu muka yi huɗa, Yaya a gaba, bayansa ya jiƙe da zufa, ni a baya ina haɗiye maganata.

Yanzu yarana a waya suke wasa, kuma da ɗan yatsa suke duba wasan da duniya ta fi saye. Yaya Sabo ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa. Idan zancen ya taso yakan ce, "Auwalu ya ƙirga mini daidai, kasuwa ce ta juya." Duk zuwan da na yi gida sai ya sa an soya mini gyaɗa. Allah Ya yafe mini, har yau ban iya cinta a gabansa ba.