Yatsan Baba Makanike

Baba makanike bai taɓa sayen inji don kyan fenti ba, sai ya leƙa cikinsa. Da autarsa ta ce injiniya take so ta zama, ga aljihu ba nauyi, haka ya bi jami'o'in da ƙarfinsa zai kai. Duk inda suka je, ɗakin injuna yake nufa, ya shafa yatsa. Nan ƙura, can ƙura.

A wata mai koɗaɗɗen bango, mai sauƙin kuɗi, yatsan ya fito baƙi ƙirin da mai.

"Auta, mun samu! Nan ɗalibai na taɓa inji!" Ya dafa kafaɗarta, baki har kunne.

Yau injiniya ce. Tabon yana nan a mayafinta, ta hana a wanke.