Sandar Baba ta Kurmi

Sandar Baba ba irin ta kanti ba ce. Daga wani itacen kurmi aka yanko ta, irin wanda Fulani ke kora shanu da shi, siriri, ga tauri, yana lanƙwasa amma ba ya karyewa. Baba kan ce ɗan'uwan itacen sanya ne, sai dai shi inuwa yake so. Da ita ya shigo Makka yana saurayi, da ita kuma yake sauka gangaren unguwarmu Nakkasa bayan idonsa ya yi rauni.

Tun ranar da ta ɓace a Harami, bayan ya ajiye ta a gefe yana salla, Baba ya daina fita. Muka sayo masa ta ƙarfe, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Ya zauna a ɗaki har ƙafafunsa suka fara kumbura, ni kuwa tsoro ya kama ni.

Bayan 'yan watanni sai ga yayana da sanda a hannu, wai wani mai shara ne ya tsince ta. Ni dai na san yayana. Mutumin da ba ya iya gano takalminsa a ƙofar masallaci, shi zai nemo sanda a Harami? Kuma na ga yadda yake ta zarya wurin wani alhaji mai goro da ke zuwa Umara daga Kudu, can ƙasar kurmi. Na karɓa na shinshina. Man zaitun aka shafa mata, ga ɗan ƙauri, kamar an gifta ta a wuta don ta yi duhu.

"Wane mai sharar?" na tambaye shi.

"Halas, ya isa haka, ke dai ba ki yarda da kowa ba," ya ce, bai ko dube ni ba.

Baba ya daɗe yana shafa ta daga sama har ƙasa. Can ya ce a miƙo masa takalminsa.

Ni na raka shi sallar magariba, raina a ɓace, ina ganin an yaudari tsoho a gabana. A tsakiyar gangare na kasa haƙuri.

"Baba, anya wannan taka ce?"

"Itacen dai shi ne," ya ce. "Amma tawa ƙasa ta cinye mata kusan taƙi guda. Wannan ba ta taɓa tafiya ba."

"To me ya sa ka karɓa?"

"Yaron nan har kurmi ya aika saboda ni. Ki rufa masa asiri. Riƙe ni, akwai matakala a nan."