Na je jami'a tambayar ranar shuka

Shekara biyu a jere na yi binne a gonata ta hanyar Dungu, wato na zuba iri a busasshiyar ƙasa ina jiran ruwa. Duka biyun yayyafi ya yaudari geron, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Abin da ya rage mini irin da ke cikin tulu ɗaya. In ya tafi, na tashi daga mai gona na koma mai roƙo.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke duban sama. In taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suka ɓace, sai ya ce a gyara sungumi. Ni ban taɓa koya ba, ina bakin murhu. Karatun ma sai da furfura ta fito na shiga makarantar manya.

'Yata da ke jami'a a Damagaram ta ce mini a waya an kafa hotunan taurari a wani zaure, kowa na iya shiga. Na ce to, mutanen da suka ɗauki hoton sama ai ba za su rasa sanin ranar ruwa ba. Na hau mota daga Matamai.

Zauren da sanyi kamar randa. Hotuna manya, wasu na na'ura, wasu zanen ɗalibai. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen da ke ƙarƙashin wani, da faransanci ne, na kasa.

"Inna, Kazarku ce wannan," in ji 'yata.

"Wannan tarin garwashin? Ina 'ya'yan?"

Malamin da ke kula da wurin ya matso, mutum mai ladabi. Na kira shi yadda muke kiran malaman boko, na ce, "Mushe, ba kallo ya kawo ni ba. Yaushe zan yi shuka bana?"

'Yata ta ja mini gyale. Na ce ta sake ni, ba sata na zo ba.

Bai yi dariya ba, na yaba masa da wannan. Ya ce, "Hajiya, taurari suna nan kan lokacinsu, ba su saɓa ba. Ruwan ne ya daina bin su. Ko masu aikin duban yanayi, na 'yan kwanaki kawai suke iya faɗa."

"Ban je Makka ba, kar ka ɗora mini. To mene ne amfanin hotunan?"

"Don a gani, Inna."

Da ya yi mini ƙarya ma da na fi jin daɗi.

Muka fito 'yata na zagayawa da ni. Ga ɗakin littattafai, ga inda suke cin abinci, ga ɗalibai a gindin bedi, wato dogon yaro, kowa da takarda. Wajen wani ofis na ga tiyo a kwance yana shayar da furanni, ruwa har ya yi kwari. Na daɗe a wurin. Na tambaye ta ko za ta zo gida da damina. Ta ce akwai jarrabawa, daga nan kuma za ta nemi aiki a Yamai. Ban yi mata faɗa ba. Me zan ce ta dawo ta tarar?

Bayan na koma, hadari ya haɗu wata ranar Laraba, maƙwabta suka fita da sungumi. Na bi su da rabin tulun. Aka yi yayyafi, ya ɗauke. Da sati ya zagayo na tona rami ɗaya na ga tsiron ya murɗe ya bushe. Na koma gida na juye sauran irin a ƙwarya, na ɗauki sungumi, na sake nufar gona.