Shanyar Nama a Makka

Shekarar da na sauke farali ita ce shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. A ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta, gona manne take da gona, in damina ta yi kyau ko rufin maƙwabcinka ba ka hange. Amma a kakar nan sai ka tsaya a ƙofar gida ka hango garin gaba tas, babu abin da ya tare maka ido. Fari na biyu ke nan a jere. Samari duk sun watse cirani, har da ƙannena maza, suka bar matansu da 'ya'yansu a gidan Baba.

Maigidana falke ne, yana fataucin hatsi da dabbobi, kuma tun shekarar da gyaɗa ta yi albarka ya biya mana kujera mu biyu. Mu dai ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Gidan da aka haife ni, wanda ko ruwa ba ka nema a hanya kafin ka isa, shi ne rumbunsa ya kai ƙasa.

Baba mutum ne mai kunyar surukuta irin ta mutanen da. Tunda aka kai ni ɗaki, ko ruwan gidan mijina bai taɓa kurɓa ba. Maigida ya ɗora wa jaki dawa ya aika masa, kafin la'asar jakin ya dawo da kayansa da godiya mai yawa. Aka sake aikawa da sunana, Baba ya ce duk abin da ya fito ta ƙofar gidan nan na mai gidan ne. Inna takan karɓi ɗan abin da na ɓoyo mata saboda jikoki, amma shi ko ƙamshin tukunyar ya ji ya san ba hatsin gonarsa ba ne, sai ya ce ya ci a waje. Ƙarya yake yi, babu wani waje da ake ci a lokacin. Rigarsa ta koma tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Na yi fushi da shi, irin fushin da 'ya ba ta da bakin faɗa.

Ranar da na je sallama, Inna ta rako ni har bayan dangarsu, ta riƙe mini hannu.

"Tsarabar Makka ce kaɗai na san ba zai iya mayarwa ba," in ji ta. "Amma in ya ji da kuɗin mijinki aka saya, zai taɓa da yatsa ya ce ya samu albarka, ya miƙa wa yara."

Da wannan maganar na hau jirgi. Sauran mata suna lissafin zannuwa da zobban da za su sayo, ni ina neman abin da za a ci, wanda ya fito daga ƙasa mai tsarki, wanda kuma hannun maigida bai taɓa ba. Ƙarya kuwa ba ta cikin lissafi, don ban ga amfanin mutum ya je a wanke shi ya dawo ya fara da yi wa ubansa ƙarya ba.

Madina muka fara sauka. Ba zan iya kwatanta abin da na ji a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Kuka na yi har wata Balarabiya da ban san ta ba ta rungume ni. Bayan nan aka zuba mu a mota aka kai mu ziyara, Ƙuba da dutsen Uhudu da masallacin nan mai alƙibla biyu, mai yi mana jagora yana ta bayani, mu muna ta salati. Daga ƙarshe aka tsaya da mu a wata gonar dabino. A nan na ba da kunya. Inji ne yake ta aman ruwa a cikin kwalbati, ruwa garai-garai yana bin gindin itatuwa, babu mai gadi, babu layi, babu mai faɗa a kan guga. Na tsuguna a bakinsa na kasa tashi, har sai da direba ya yi ta danna ƙaho. Mu da muka baro rijiyar da sai an yi sammako ake samun laka a cikinta.

Mai gonar, wani tsoho mai jan gemu, ya tsaya a ƙofa yana zuba wa kowa dabino a mayafi kyauta, saboda mu baƙin Annabi ne. Kafin mu koma masauki kowa ya cinye nasa. Ni na ƙulle nawa. Wata tsohuwa da haƙoranta suka ƙare ta ba ni nata, shi ma na haɗa. Shi ne farkon abin da ya shiga ƙasan akwatina.

A Madinan ne wasu abokan fataucin maigida suka kai mu gidan abinci. Aka shimfiɗa mana leda a ƙasa, aka dire wani tire da sai mutum biyu suka ɗauko, shinkafa ta yi tsiri, rabin rago kwance a kanta, ga gurasa faɗin faifai da zafinta. Na ci, kada in yi ƙarya, na ci har na ji kunyar kaina, don ban taɓa sanin shinkafa na yin ƙamshi haka ba. Amma da muka tashi na ga abin da muka rage, na ga an naɗe ledar da shi an tafi zubarwa, sai na tuna gida. Ragowar nan kaɗai za ta riƙe gidan Baba har wata Juma'ar.

Da muka isa Makka, malaminmu ya ce duk addu'ar da mutum ya yi a ganinsa na farko da Ka'aba karɓaɓɓiya ce. Na haddace addu'o'i tun daga gida, na jera su tsaf. Ina ɗaga kai na gan ta, baƙa, tsaye a tsakiyar farin mutane, sai duk suka gudu. Abin da ya fito daga bakina da Hausa shi ne, Allah ka ciyar da Baba.

A bayan masaukinmu akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo, cikin Hausawan nan da ake ce wa Takari, waɗanda kakanninsu suka je a ƙasa suka zauna. Ta ce kakanta daga wajen Kunci ya taso, ita ko a mafarki ba ta taɓa ganin garin ba, Hausarta ma rabi Larabci ce. Na je da daddawata da kuka a ƙullin kayana, don an ce mana abincin can ba ya zama a ciki. Ranar da na kwance ƙullin a gabanta, ta ɗauki daddawa ɗaya ta kai hanci ta rufe ido, tana shaƙa. Daga ranar, in na dawo daga Harami sai in zauna in kama mata tuƙi, don kafaɗarta ta gaji, tuwonta duk gudaji. Ciniki ya ƙaru, alhazai suka riƙa cewa yau tuwon ya yi na gida. Ladan tuƙina ta riƙa auna mini shinkafa, ina ƙullewa.

Ita na faɗa wa damuwata. Ta yi dariya ta ce in bari a fita Mina, ranar yanka, in dai ina da wuƙa da gishiri, sai na gaji da ɗiba. Ta ba ni aron wuƙarta, ta ba ni gishiri da igiya.

Abin da na gani a Mina ya fi ƙarfin bakina. Kowane alhaji ya yanka hadayarsa, a zamanin nan kuma naman ya fi masu cinsa yawa nesa ba kusa ba. Mutum zai yanki ɗan abin da zai gasa, ya tsaya yana neman wanda zai karɓi sauran. Na nemi izinin maigida, muka tafi da dattijuwar. Wani farin mutum mai ƙananan idanu, wanda ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba, ya miƙo mini cinyar bijimi da hannu biyu, har yana sunkuyawa kamar ni ce na yi masa alheri. Wani ya ba ni rago guda. Muka yi ta jigila a ka.

Na zauna a bayan tanti na yanyana shi siri-siri yadda Inna ta koya mini a babbar salla, na murza gishiri, na shanya a igiya. Zafin ranar can ba ya wasa, nama ya kwana sai ka ji ya fara ƙarfi. Da muka koma Makka na ƙarasa shanyar a saman benen masaukinmu, ina zaune ina korar mage. Matan ɗakinmu suka sa mini suna sarkin fawa. Wata ta ce mutane sun zo neman lahira ni na zo neman kilishi. Na ce mata ɗawafin da na yi kafin ta tashi daga barci, ta yi rabinsa tukuna mu yi magana. Maigida kansa da farko abin ya dame shi, ya ce za a ce ya kasa ciyar da ni. Da na gaya masa don wa nake yi, sai ga shi ya hau benen zai taya ni juyawa. Na ce ya sauka, kada hannunsa ya taɓa. Ya kalle ni, ya gane, ya sauka yana dariya.

Sai kasuwa. Wanda bai ga kasuwar Makka a ƙarshen aikin hajji ba bai ga kasuwa ba. Agogo, darduma, turare, rediyo, zannuwa masu walƙiya, da 'yan madubin nan da yara ke leƙawa su ga hoton Ka'aba. Larabawa suna kiranmu da Hausa, hajiya zo, araha, araha. Amma kowane alhaji akwai iyakar nauyin da jirgi zai ɗaukar masa, ni kuwa nama da shinkafa da dabino sun cinye nawa. Sai na sayi marasa nauyi saboda maƙwabta, kwalli da carbi da ƙananan zobba. Akwai wani jerin kwanuka da na gani, farare masu shuɗin fure da bakin zinariya. Na ɗaga su, na ji nauyinsu a hannuna, na mayar. Na tafi na dawo na sake ɗagawa. Mai kantin ya yi ta rage mini, bai san ba kuɗin ne ya hana ni ba. Har yau ina iya zana furen nan. Haƙorin Makka dai na sa, shi ba ya hawa sikeli.

Mun dawo aka tarbe mu da guɗa, gida ya cika. Baba bai zo ba, ban kuma sa ran zai zo ba. Washegari da hantsi na ɗora kayana a ka da kaina, na hana kowa na gidanmu ɗauka. Na same shi a zaure kan buzunsa. Ya ƙara ramewa, har wuyansa ya yi tsawo. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa zamzam, ya juya gabas ya sha. Sannan na kwance ƙullin a gabansa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta ciki.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "An gode. Allah ya saka wa maigidan naki."

Na ce, "Baba, babu hannunsa a ciki. Dabinon wani mai gona ne a Madina ya ba ni sadaka. Shinkafar ladan tuƙin tuwo ce da na yi a Makka. Naman kuwa hadayar alhazai ce, a Mina aka yanka, ni na yanyana, ni na shanya."

"Su wane ne alhazan?"

"Ban san su ba. Ko yarensu ba na ji."

Ya ɗauki tsinke ɗaya na naman ya juya shi, ya duba yankan, ya shinshina. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji ya kira yara.

Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa uwarki ta dafa shi ya yi laushi. Haƙorana ba kamar da ba."

Na tashi na shige cikin gida da sauri, don ba a kuka a gaban Baba, kuma ba zai ci ina kallo ba. Ni na hura wutar. Inna ta kai masa, muka zauna a gindin murhu. Can sai muka ji gyaran muryarsa daga zaure, yana tambaya ko akwai saura a tukunya.