Ranar da Na Ba Wawan Fim Muryar Kawu

Juma'ar farko bayan Sallar Layya, shekarar da na cika goma sha biyu, kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba a Birni. Matan gidanmu suka yi maza suka gama daka, suka cika ɗakin Yaya Sani tun rana na da zafi. Warin fatun layya da Baba ya shanya a tsakar gida yana shigowa ta taga, ba wadda ta kula. Yaya ya dawo daga Libiya da tele da na'urar faifai, kuma ran nan ya sayo sabon fim ɗin Indiya a Zango. Ni ce zaune gaban tele, ƙafa a miƙe, domin ni ce mai fassara.

Kada a ɗauka na ji yaren. Ko lakol, makarantar boko, ban shiga ba a lokacin, tallan ƙosai nake da ɗebo ruwa a famfo. Rubutun bayan faifan ma zagaye-zagaye ne kamar zoben ƙuli-ƙuli. Sai da na girma, na shiga ajin manya da goyo a bayana, na san yaren sunansa Kannada, na kudancin Indiya. Abin da nake da shi baki ne kawai. In jarumi ya buɗe baki sai in cusa masa magana, mata su yi ta shewa.

Kuma finafinan akwai daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Mai gashin baki ya naushi ƙato goma, su tashi sama kamar an watsa kaji, rigarsa ko ƙura babu. Sai waƙa, a yi ta rawa kan tsaunuka kore shar, mu da rijiyarmu ta kusa ƙafewa muna kallon ruwa yana zuba a banza. Washegari mu yara mu ɗaure gyale a bayan ɗaki mu maimaita komai. Amma yarinya ta ce ba ta so sau bakwai, yana bin ta har gida, a ce wai soyayya ce. Kuma kowane fim da wawansa: baƙi, gajere, mai tumbi, wanda aikinsa kawai ya sha mari a yi dariya.

Kawu Illa, ƙanen Inna, manomi ne a Dakusa. Kowane rani yakan zo gidanmu ya yi aikin tubali har damina ta kusa. Yana da i'ina mai tsanani, shi ya sa ba ya magana cikin mutane. Ni kaɗai yake sakar wa baki, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. "U-u-uwata," haka yake kirana, ya ciro mini gyaɗa daga aljihu. Shi ne ya sha roƙon Baba a sa ni lakol, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fita. Yana son fim ƙwarai, amma ba ya shiga cikin mata, a bakin ƙofa yake tsugunawa.

Ran nan da wawan ya fito, jarumi ya kwaɗa masa mari, wawan ya tsaya yana rawar baki. Na ga dariyar ɗakin ta fara sanyi, ni kuwa ba na jure hakan. Sai na dafe kunci, na ƙanƙance ido yadda Kawu yake yi in kalma ta maƙale masa, na ce, "U-u-uwata, ki ce-ce-cece ni!"

Ɗakin ya fashe. Wata maƙwabciyarmu har da kwanciya a tabarma tana cewa, "Wayyo cikina! Wannan yarinya Allah ya shirye ki, Illa ne sak!" Na sake yi, na ƙara yi. Sau uku. Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba, idonta na kan ƙofa. Da na waiwaya, babu kowa a wurin sai ɓawon gyaɗa.

Bai yi mini faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya gama tubalinsa, ya koma Dakusa. Wani ranin ya dawo, da gyaɗarsa kamar kullum, amma ya miƙa mini da hannu kawai. Daga ranar na shiga cikin sauran mutane, waɗanda yake amsa wa da kai.

Bara na je Dakusa takanas. Na same shi ya tsufa, yana gyaran rumbu. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na yi a ɗakin Yaya Sani." Ya daɗe yana kallona, leɓensa na motsi. Na ƙi taimaka masa da kalmar, na jira. Daga ƙarshe ya ce, "Ba ko-komi, Hadiza." Ya yafe, na sani. Amma da sunana ya kira ni.

Yanzu finafinan nan suna cikin kowace waya, da fassarar Hausa tsaf, ba a bukatar yarinya mai baki. 'Ya'yana suna kallo, ban hana su ba, ni ma nakan leƙa in an fara rawa. Sai dai in wawan ya fito aka ɗaga masa hannu, su suna dariya, ni ƙofa nake dubawa.